Ka Bar Shi Ya Yi Shiru Da Kansa

Auta,

Na tafi gidan yayarka. Ka yi haƙuri, na fasa maganar jiya. In bakaniken nan ya zo ɗaukar injin yanke ciyawar marigayi babanku, ka ce masa ba za mu sayar ba.

Ɗazu na shiga rumfa in goge masa ƙura saboda mai saye, sai na ga tsumman da babanku ya naɗa a mariƙin, ashe gefen tsohon zanena ne. Na ja igiyar haka kawai, ja ɗaya ya tashi. Kai ko motsi ba ka yi ba, barcinka na gado ne. Na tsaya kamar mai mafarki, ina ganinsa yana tura shi a gindin katanga, wando a naɗe. Har maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Maman Auta, wallahi na ɗauka shi ne."

Na san ka ce sababbin sun fi kyau. Shi kuwa cewa yake, "Mai ƙarfe ake aure, ba mai fenti ba."

Ka yanke ciyawar yau, amma ka duba baƙin mai tukuna. In ka gama kada ka kashe shi. Ka rufe famfon mai, ka bar shi ya shanye na cikinsa ya yi shiru da kansa, don kada fetur ya bushe masa a ciki. Haka babanku yake yi.

Na rufe famfon, ina rubutun nan yana ta magana. Zan fita kafin ya yi shiru.

Mamarka