Zabuwar Zare

Kudan, 2 ga Fabrairu, 1956

Zuwa ga Yaya Azumi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina hidima? Yaya maigidanki da yara, yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Bayan gaisuwa, kada ki yi wa rubutuna dariya. Wata bakwai ke nan da na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yanzu layina gangarawa yake yi. Ban sa kowa ya rubuta mini ba ne don maganar ba ta kunnen wani ba ce.

Gwaggo Ummuhani ta Ikara, yayar maigida, za su tafi Makka ta ƙasa ita da mijinta nan da sati huɗu, kuma da yarinyar za su tafi. Kin san wadda nake nufi, ta farin, wadda Gwaggo ta ɗauka tun ranar yaye. Shekararta biyar yanzu. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba, kamar yadda aka horar da mu. Ina tankaɗe aka faɗa mini, na ce Allah ya kiyaye hanya, na ci gaba da tankaɗena.

So nake ta tafi da abin da ya fito daga hannuna. Malama Mero, mai koya mana saƙa da kwarashi bayan karatu, ta nuna mana yadda ake saƙa 'yan dabbobi a cusa musu audugar rimi. Zabuwa zan yi, don an ce yarinyar ba ta da aiki sai bin zabin Gwaggo. Zare ne matsalar. Abawar kasuwarmu ba ta da ƙwari, da kwarashi ya shiga sai ta tsinke. Don Allah ranar kasuwar Makarfi ki dubo mini ulu wajen masu kawowa daga kantin Zariya, baƙi da fari. Ki ja shi da hannu biyu ki gani, ki goga a kumatunki, in yana ƙaiƙayi ki bar musu kayansu. Ki ba Musa direba ya kawo. Na san ki da nawa, Yaya, kada ki ce sai kasuwa ta gaba.

Ga mazarƙwaila nan a ba yara. A gaida Inna.

Ƙanwarki,
Lantana

Kudan, 17 ga Fabrairu, 1956

Zuwa ga Yaya Azumi,

Bayan dubun gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, saƙo ya iso, Allah ya bar zumunci. Ashe kina iya sauri in kin ga dama.

Yaya, ulun nan ya kunyata ni. Kwana takwas ina saƙa, sau biyu miya tana ƙonewa, har maigida ya tambaya ko zabuwar nan za ta yi mana ƙwai ne. Ta fito da kyau, har da ɗan tukku a kai. Sai na ga hannuna ya sa mata dauɗa, na ce ba za ta je Ikara haka ba. Na tafasa ruwa, na sa sabulun salo, na cuɗe ta yadda muke cuɗe zane. Da ta bushe ta ƙanƙance ta dunƙule, ba wuya ba bindi, sai ka ce curin daddawa.

Malama Mero ta yi dariya har da hawaye. Wai ulu gashin tumakin Turai ne, ba ya son ruwan zafi, kuma asu yana cin sa. To me ya hana ta faɗa tun farko? Ni ban yi dariya ba. Abin da bai jure ruwan Kudan ba, ina zai jure hanyar Sudan?

Na gwada baƙin zaren marina, shi kuma shafa yake yi, ya mai da farin ɗigon shuɗi, ya ɓata mini yatsu. Na kasa zaune na kasa tsaye. Daga ƙarshe na ɗauko mazarina na koma kan audugar gonata. Ni na gurje, ni na shiɓe, ina kaɗawa siriri ina murɗa biyu-biyu. Rabin zaren na aika marina, na yi ta ɗauraya har ruwan ya fita fes. Ba shi da laushin na kanti, amma na ja da haƙori bai tsinke ba.

Kwana goma sha biyu suka rage. Tsoro nake ji, Yaya, kada su ɗaga tafiyar kafin in gama. Ki sa Inna ta yi mini addu'a, amma kada ki gaya mata dalili.

Taki,
Lantana

Kudan, 4 ga Maris, 1956

Zuwa ga Yaya Azumi,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da mutanen gida. Da fatan kuna lafiya. Mu ma jiki lafiya.

Na gama zabuwar ana jibi tafiya, kuma ta fi ta farko. Muka je Ikara sallama, na ƙulle ta a gefen mayafi. Niyyata in ja Gwaggo gefe in miƙa mata ta sa cikin kaya, ba wanda ya sani. Sai muka tarar da tsakar gida cike da mata, surukata na zaune a tsakiya. Ban gama gaisuwa ba wata tsohuwa ta ga ƙullin, ta ce me na ɓoye haka, ta sa hannu ta kwance. Zabuwa ta shiga zagaye hannu-hannu ana santi, har ta dawo wurina.

Daidai nan aka turo yara su gaishe ni, su biyu, ita da Adama jikar Gwaggo, wadda ba da ita za a tafi ba. Suka durƙusa a gabana. Kowa yana kallon hannuna. Wallahi Yaya na san wadda na yi wa, kowane ɗigo da ita a raina na saƙa shi. Amma na ɗaga ido na ga surukata, sai hannuna ya wuce ta ya miƙa wa Adama.

Mata suka ɗauki yabo. Surukata ta ce a duk matan gidansu ba mai kunyata, Gwaggo ta ce Inna ta iya tarbiyya. Ita kuwa yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta matsa ta taɓa bindin da yatsa ɗaya, ta roƙi Adama ta ara mata, Adama ta ɓoye a bayanta. Sai ta tashi ta koma wajen kayansu ta zauna. Na so in ce a karɓo, kunya ta hana ni. Har mota ta tashi da safe Adama na rungume da zabuwar.

Ban taɓa jin haushin yabo ba sai wannan karon. Na tsani hannun nan nawa.

Akwai ragowar zare, jiya har na fara wata, sai na warware. Na tambayi Musa direba shekara nawa masu tafiya ta ƙasa suke yi, ya ce wasu biyar, wasu bakwai, wasu sai labari. In Allah ya dawo da ita, Yaya, ba zabuwa za a nema a wurina ba, kayan ɗaki ne.

Ki zo in kin sami hali. Ki gaida Inna, ki ce mata an yaba.

Ƙanwarki,
Lantana