Rubutun Bayan Hoto

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da masu ofishin naka. Na san za ka ce Yaya da tsohon yayi, ga waya amma sai takarda. To, maganar waya iska ce, wannan kuwa ina so ta zauna.

Mai gidan haya ya ce a ba shi shagon ɗaukar hoton Baba ƙarshen wata. Na shiga jiya na buɗe kwalayen hotuna, wallahi sai da na zauna a kan bencin nan da Baba ke jera mutane yana cewa "tsaya cak!" Gara ta fara ci daga ƙasa. Na ba direba kwalayen ya kawo maka.

Kan shafin intanet ɗin da muka ce za mu yi wa hotunan, ka gaya min akwai manhajoji biyu na kyauta. Ɗaya tana kwashe hotuna gaba ɗaya ta jera su da kyau, amma ba ta da gurbin rubutu. Ɗayar kuma sai an ɗora hoto ɗaya-ɗaya, ana rubuta bayani a ƙarƙashinsa, har mutum ya iya neman suna ya samu. Ta biyun nake so, ko da za ta cinye maka shekara. Ka san Baba bai taɓa ajiye hoto ba sai ya juya bayansa ya rubuta sunan mai shi da na ubansa. Duk abin da ke bayan hoto ya hau shafin.

Sai abin da ban taɓa gaya maka ba. A asibiti Baba ya ce min hoton Inna na cikin kwalayen nan. Da ta rasu wajen haihuwarka ya kasa kallonsa, ya kuma kasa yagawa, sai ya cusa shi cikin na jama'a. Guda ɗaya ne tal, ya ce ya yi rubutu a bayansa. In ka kai kansa ka ware shi.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Zuwa ga Yaya Babba, shugabar tsohon yayi,

Na gaishe ki da kyau, na gaida maigida da yara. Kwalaye sun iso, har da garar, kyauta.

Yaya, ki kwantar da hankalinki, wannan aikinmu ne. Na sa hotunan a na'urar ofis, gaba da baya duk na ɗauke. Shafi ya hau, ga adireshinsa a ƙasan takardar nan. In kika buɗe ba za ki ga rubutu ba tukuna, ina kan shigar da shi ne a hankali, kada ki ɗaga min hankali da tambaya.

Hoton Inna kuwa na gan shi, na ware, yana wurina. Ashe kyakkyawa ce. In na zo zan kawo miki.

Na mayar da kwalayen ta hannun direba, don maigidanmu ya fara ƙorafin sun cika masa ofis. Sauran bayani sai mun haɗu.

Naki,
Auta

Auta,

Sallama, don addini ya ce a yi. Na ga kiranka, ba zan ɗauka ba.

Da kwalayen suka dawo na rasa inda zan kai su. Ɗakina ɗaya da falo, ga gara, ga mai gidan haya a tsaye a bakin shago da sabon kwaɗo a hannu. Ban yarda fuskokin mutane su je bola ba, ko a wayi gari mai shago na ƙunshe kaya da amaryar wani. Na karanta takardarka sau biyu, na ga ka ce gaba da baya. Sai na kai su bayan shago na cinna musu wuta. Da hannuna, Auta. Ina kuka ina tura su da sanda, ina cewa ba komai, suna wurin ƙanena.

Ranar Talata wata mata ta same ni a makaranta bayan na fito daga aji. Ta ce ta ji 'ya'yan Tsaya-cak sun sa hotunansa a intanet, tana neman na mahaifinta, ya rasu tun tana goye. Na ce kin zo gida. Na buɗe shafin da alfaharina, na nemi inda zan rubuta suna, babu. Malamin kwamfutarmu ya karɓa ya duba, ya ce ai wannan manhajar ba ta da gurbin rubutu sam, ko a ɓoye. Matar nan ta zauna tana tura fuskoki da yatsa har aka tashi yara, ta miƙe ta yi min godiya ta tafi. Godiyar nan ta fi mari zafi.

Kenan wadda na hana ka ita ka zaɓa, ka kuma dube ni ka ce kana kan shigar da rubutu. Shigarwa ina? Ni ka mayar sakarya? Ni da na goya ka har bayana ya yi kanta?

Tambaya ɗaya nake da ita, kuma kada ka yi min kwana-kwana. Me Baba ya rubuta a bayan hoton Inna?

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Don girman Allah ki karanta har ƙarshe.

Manhajar da kike so na gwada ta. Yini guda na yi ina juya hoto ina kwafar rubutun Baba, ban ci ko rabin kwali ba, ga aikin ofis ya taru a kaina. Sai na ce bari in ɗora fuskokin da mai saurin, ki ga wani abu ki ji daɗi, in na samu hutu in zo in bi bayan hotunan a tsanake. Ban ɗauki bayansu ba. Wallahi ban zaci za ki ƙona ba, na ɗauka gida za ki kai su. Da kin kira ni ma.

Hoton Inna ban kai kansa ba. Na ce na gani ne don kada ki dame ni. Tun da takardarki ta zo ban iya cin abinci ba, kullum ina kan shafin ina duba matan da ke ciki, kowacce sai in ga kamar hancina ne.

Amma Yaya, ba a rasa duka ba. Fuskokin suna nan, ko ɗaya ba ta ɓata ba, tata ma na ciki. Cikin waɗanda za su iya gane ta, na san Goggo idonta ya tafi, Kawu kuma ya riga mu gidan gaskiya, amma ke kin san ta. Ki buɗe shafin ki nuna min uwata, ko da daga nan ba za ki ƙara yi min magana ba.

Ƙaninki mai laifi,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwarka.

Shekarata huɗu Inna ta rasu. Abin da na riƙe nata shi ne ƙamshin zanenta da wani tabo a bayan hannunta. Kai kana zaton don me na nace a kan rubutun? Ni ma shi nake jira ya gaya min.

Na bi shafin naka daga farko har ƙarshe. Akwai mata uku da nake zato, kuma dukansu sun ɓoye hannu cikin mayafi.

Shafin ya yi kyau, yana kuma buɗewa da sauri. Allah ya jiƙan Inna da Baba.

Yayarka