Wa Zai Zauna Kusa da Eva?

Litinin, 25 ga Agusta, 2025

Duk ɗalibin da ya shigo ofishina da maganar karatu a ƙasar waje, sanyi yake tsoro a ranar farko. Iyaye kuma abinci. Kullum sai in ce musu ba nan wahalar take ba. Riga tana maganin sanyi, yaji yana gyara kowace miya. Wahalar tana ga takardu: ka san inda fasfo yake, ka san ofishin da za ka fara shiga. Na faɗa wa Eva har ta haddace, tana kwaikwayon muryata.

Yau jirginta ya tashi daga Abuja zuwa Finland. Eva, 'yar Baba Zira manomin ƙauyen Sahuda, za ta karanci tsabtace ruwan sha, kyauta. Duk ajin da na shiga sai na ba da labarin. Wani ya ce, "Malam Vandi, Eva kuma?" Na ce eh, Eva kuma.

Ni ban taɓa wuce Abuja ba, amma yau kamar ni ne a cikin jirgin.

Talata, 26 ga Agusta

Derrick, wan Eva, ya zo makaranta da safe a keke. Bai sauka ba. Ya ce Baba ya faɗi a gona jiya da yamma. Mayo, rafin da ke kan hanya, ya yi ambaliya, kafin a samu hanyar ƙetarawa da shi zuwa asibiti ya cika.

Na bi shi Sahuda. Ina zaune cikin masu makoki waya ta motsa a aljihuna. Saƙon murya daga Eva. Na zagaya bayan rumbu na saurara.

"Malam, na iso. Fasfo yana nan, kada ka tambaya. Garin shiru kamar an sa dokar hana fita. Na gaishe da wani a bas, ya juya baya ya ga ko da wani nake. Ɗakina fari fat, ba labule, wadda za mu zauna tare ba ta zo ba tukuna. Ka ce wa Baba wayarsa a kashe take, ko ya sake mantawa da caji."

Tana dariya a ƙarshe. Na sake saurara, ban san dalili ba.

Baba Kwaji, ƙanen marigayin, ya tara mu a ɗaki. Ya ce mutuwa ba a aika ta a waya. Ana ba mutum abinci, a zaunar da shi, wani ya riƙe kafaɗarsa, sannan a faɗa. Ba a faɗa wa mutum yana tsaye, ba a faɗa masa shi kaɗai. Na san haka. Lokacin da mahaifiyata ta rasu ina kwaleji, dattawa biyu suka zo, sai da na cinye tuwo a gabansu. Baba Kwaji ya ce a bari sai Eva ta zo hutun Kirsimeti.

Maman Eva ta ɗago kai. Ta ce, "Asabar za a sa babanta a ƙasa, ita tana can tana dariya? Ba zan yarda ba."

Aka tsayar: a faɗa mata kafin Asabar, amma sai da mutum a gefenta. Duk suka juyo gare ni. Baba Kwaji ya ce, "Kai ka tura ta, Malam. Kai ka san wurin."

Ban san wurin ba. A taswira kawai.

Derrick yana bin 'yan uwa ɗaya-ɗaya yana roƙo kada a sa hoto a Fesbuk.

Laraba, 27 ga Agusta

Na yi wa yarinya ƙarya da wannan bakin da nake koyar da ɗa'a. Na ce ruwan sama ya lalata sabis a Sahuda.

Na tambaye ta ko ta san wani a can. Babu. Coci sai Lahadi, karatu sai mako mai zuwa. Sai na ce ta fita ta gaishe da maƙwabta, kamar yadda baƙo yake yi in ya tare a unguwa.

Ta ce, "Malam, ba kai ka ce in kulle ƙofa, kada in saki jiki da kowa ba?"

Na ce, "Na ce. Yau kuma na ce ki je."

"Da hannu wofi?"

Ta ɗebi soyayyar gyaɗar da babanta ya ɗaure mata, ta zuba a faranti, ta bi ƙofofi. Da yamma ta ba ni rahoto tana shaƙewa da dariya. Wasu ba su buɗe ba ko da yake tana jin motsinsu. Wani dogon saurayi ya buɗe kaɗan, ya kalli farantin, ya tambaye ta ko gobara ce. Wata ta karɓi gyaɗar ta ce na gode, ta rufe.

Na yi dariya tare da ita. Allah ya gani.

Alhamis, 28 ga Agusta

Divine, wata 'yar gwaggonsu, ta sa hoton Baba da kyandir a Fesbuk. Derrick ya kira ta ta cire. Eva ta rubuto masa, "Me Divine ta goge?" Ya ce shirmenta ne. Har aka tashi daga makaranta abu ɗaya nake hangowa. Yarinya ita kaɗai a farin ɗaki, ta ga fuskar ubanta da kyandir. A'a.

Da rana sai ga saƙo. Ta je ɗakin wanki a ƙasan bene, injin ya gagare ta, wata mata ta nuna mata. 'Yar Somaliya ce, Na'ima, tana da yara, ta daɗe a garin. Ta amsa gaisuwa har ta tambayi mutanen gida.

Na ce ta karɓo mini lambarta. Sai ta rubuto, "Malam, me ke faruwa?"

Na ce tsari ne, ko wane ɗalibi nawa ina ajiye lambar maƙwabcinsa. Ƙarya ta biyu. Ko ta uku.

Na kira matar da Turanci. Na fara dogon bayani a kan al'adarmu, ta katse ni. Ta ce su ma haka suke yi. Abin da ta tambaya kawai: yarinyar tana cin shinkafa? Ta ce gobe in ta kai yara makaranta za ta hau ɗakin Eva. "Ku ku faɗa, ni zan riƙe."

Ban taɓa ganin fuskarta ba. Na ba ta abin da ya fi ƙarfina.

Na zauna na shirya abin da zan ce. Aya daga Zabura, burin mahaifinta, ta daure ta yi karatu. Ya fito da kyau.

Juma'a, 29 ga Agusta

An faɗa mata.

Muna ɗakin Maman Eva, na jingina wayar da kwano. Hoto ya buɗe. Eva tana zaune a ƙasa, ga faranti ta cinye rabi, wata mata mai baƙin mayafi ta zauna daf da ita, hannunta a kafaɗarta. Eva ta kalli farantin, ta kalli hannun, ta kalli Baba Kwaji a bayana. 'Yar gida ce. Ta san abin da ake yi wa mutum in an ciyar da shi an zaunar da shi.

Ta ce, "Waye?"

Mamanta ta matso cikin hoton. Ganin ta da rai shi ya ba da amsa.

Ba zan rubuta kukan ba.

Da ya ɗan lafa na fara nawa. "'Yata, ki tuna abin da Baba yake so..." Na'ima ta ɗago tafin hannu zuwa ga wayar, kamar mai tsayar da mota. Ba faɗa, ba harara. Na yi shiru. Ni da ban taɓa rasa abin cewa ba a gaban yara.

Muka zauna haka, mu nan, su can. Ana jin kaji a tsakar gida. Matar tana shafa bayanta kawai.

Can Eva ta ce, "Yaushe?"

Baba Kwaji ya ce Litinin da yamma.

"Ina sama kenan."

Sai ta dubi inda nake. Ba ta ɗaga murya ba. "Malam, gyaɗarsa fa. Ka sa na raba wa mutanen da ba su san sunansa ba."

Maganar tana kunnena. Har yanzu.

Asabar, 30 ga Agusta

An binne shi. Ni na riƙe wayar a bakin kabari, Derrick ya riƙe mini laima. Hannuna ya gaji, ban sauke ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Eva ba ta amsa saƙonnina. Tana buɗewa, na gani. Na tura ayoyi, na tura shawara a kan barci, a kan makon farko na karatu. Na'ima ta ce tana cin abinci a wurinsu, ta je aji jiya, kuma saƙonnin nan in ɗan rage.

In ɗan rage.

Baba Kwaji ya ce na yi aikin dattijo. Maman Eva ta aiko mini da sabuwar masara. Tana nan a kicin, ban gasa ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Eva ta kira bayan coci. Gaisuwa gajeriya. Ta jingina wayar a taga tana wanke kwanoni, ina ganin gefen fuskarta da wata bishiya da ganyenta ya fara ja. Ta rame. Ta sa labule.

Abubuwa da yawa sun zo bakina. Rigar da ta sa ba ta da kauri. Ban tambaye ta katin izinin zama ba. Na haɗiye su. Ina zaune a barandata a unguwarmu Lokuwa, tana wanke-wanke, ba mai cewa komai.

Da ta gama ta share hannu ta ce, "Malam, yau ba shawara?"

Na ce maƙogwaro ke damuna.

Ta ce, "To. Zan sake kira Lahadi." Ba ta yi murmushi ba, amma ita ta ce za ta kira.

Maƙogwaron ne, ba wani abu ba. Damina ce.

Gobe ina da 'yan aji shida. Akwai wata a layin baya da ta daina magana tun farkon zango, na yi mata nasiha har na gaji. Ka gwada, Vandi. Ka kira ta ofis, ka ba ta kujera, ka zauna. Ka ga ko bakin nan zai iya rufuwa har ita ta fara.