Rumfar Kajin Tasalla

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024
Yau matata Tasalla kwana arba'in da rasuwa. An yi addu'a, an raba waina, kowa ya watse. Ni da kajinta goma sha ɗaya aka bari. Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane a Ƙauran nan, ban taɓa sanin nawa kaza ke ci ba.

Talata, 30 ga Afrilu
Zafi. Akurkin na bayan ɗaki, rufin kwano, ba inuwa ko ta allura. Na tarar da ɗaya ta mutu, baki buɗe. Sauran sun lafe gindin randa suna haki. Tun bara Tasalla take cewa in kafa mata rumfa ta shuka abin da zai hau, ina cewa sai an yi hutu. Hutun me, ni da na aje aiki?

Alhamis, 9 ga Mayu
Muhsina ta bugo daga Shinkafi. "Baba, ka sai da kajin nan ka taho wurinmu. Wa ka zama shi ɗai cikin gida?" Na ce hanya ba kyau. Ta ce hanya ba ta hana ni zuwa jana'izar mutane. Ɗiyar uwarta ce, baki ɗaya.

Lahadi, 19 ga Mayu
Na kafa rumfar. Ta karkace, amma tana tsaye.

Laraba, 5 ga Yuni
Ruwan farko jiya. A dangar wani kango na ga idon zakara ya bushe, 'ya'yan jajaye da ɗigon baƙi. Na tuna yadda yake lulluɓe danga da damina, ganye ƙanana, inuwa mai kyau. Na cika aljihu. Ɓawon na da tauri, sai na ɗan farfasa su da dutse na jiƙa don su yi saurin tsira, yadda nake koya wa yara a darasin noma. Na binne su gindin kowace sanda.

Juma'a, 7 ga Yuni
Kajin sun tone sun cinye. Uku ba sa tashi.

Asabar, 8 ga Yuni
Ukun sun tafi, har da mai launin wake-waken nan da Tasalla ke kira Hajiya, wadda ke bin ta har madafa.
Inna Salima ta leƙo ta katanga, tsohuwar da 'yan bindiga suka koro daga wani ƙauyen Zurmi, tana zaune gidan ɗan ƙanenta. Ta ga ragowar 'ya'yan a kwano, ta dafe ƙirji. "Malam, mi kai haka? Wanga ai guba na! Ko akuya ba a bari kusa da shi." Na ce na san sunansa, ban san halinsa ba. Ta ce, "Boko dai."
Na haƙa rami na rufe su. Da hannuna na fasa, da hannuna na jiƙa. Da Tasalla ta ga wannan... Ban iya zuwa masallaci la'asar ba, a ɗaki na yi.

Litinin, 10 ga Yuni
Inna ta dawo, wannan karon ta ƙofa. Ta zauna bisa turmi ta yi mini karatu kamar ɗan aji ɗaya. Abin da za ka iya sa wa tukunyarka, shi za ka shuka wa kaza. Kabewa, wake mai yaɗo, yaɗiya. Soso ma ba laifi, ya fi kowa saurin hawa. Garahuni ba ya kisa amma ɗaci, ba za su kula shi ba. Kuma a kewaye gindin da ƙaya har ya fi ƙarfin bakinsu. Duk abin da ban sani ba in tambaya kafin in binne.
Da za ta fita ta ce nata kajin talatin ne ta baro. "Ko ƙofar ban buɗe musu ba, Malam. Shi ka tada ni."

Alhamis, 13 ga Yuni
Ina neman almakashi cikin kwallar Tasalla na ci karo da gwangwanin madara. Ƙulli uku a tsumman atamfarta. Kabewa, soso, wake. Ashe ta riga ta tanada, ni kaɗai take jira.
Na mayar na rufe.

Talata, 18 ga Yuni
Sallah ta wuce, ba wanda ya zo, ni na hana su. Yau na kwance ƙullin. Na kai wa Inna ta duba ɗaya bayan ɗaya kafin in shuka. Ta ce irin kabewar na wajensu ne, mai dogon wuya. Ta riƙe guda biyu a hannu ta daɗe. Na ce ta ɗauka.

Laraba, 10 ga Yuli
Soso ya kama sanda. Ƙayar ta tsaga mini yatsa.

Lahadi, 11 ga Agusta
Rabin rumfar ya rufe. Da azahar duk bakwai ɗin na ƙarƙashi, suna tsalle suna tsinkar ganyen wake. Na tsaya ina ta kallo. Wannan inuwar Tasalla ta roƙa, shekara guda cur. Kwana biyu kawai aikin ya ci mini.

Juma'a, 4 ga Oktoba
Kabewar farko ta nuna, har ta lanƙwasa sandar tsakiya. Na yanke, na ba kajin cikinta, na miƙa wa Inna sauran ta katanga. Bayan sallar Juma'a sai ga kwano daga wurinta, tuwon dawa da miyar taushe. Na zauna nan gindin rumfar na cinye, har na suɗe. Sai da nake wanke hannu na lura ban gwada ta da miyar Tasalla ba. Ci kawai na yi.
Allah ya jiƙan ki, Tasalla. Ban san ko laifi ne ba.
Akwai wasu kabewar huɗu a sama. Gobe sai na ƙara sanda.