Tabon da ke Gefen Ƙofa

Litinin, da hantsi

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ni yau da sauƙi. Ƙafar hagu ta rage kumburi, tarin kuwa yana nan yadda kika bar shi. Ina shan magani, ina cin abin da matar maƙwabcinmu Tela ta aiko, ko da yake ba na jin ɗanɗanonsa.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce in aiko miki da hoton mahaifiyarki ko guda ɗaya ne, don ƙaramar 'yarki ta fara tambayar kamanninta. Na zazzage akwatin ƙarfe da durowa. Babu. Na aurenmu, ruwan da ya zubo ta rufi ya cinye shi tun kina firamare. Bayan shi kuwa kin san halinta: da an ɗaga kyamara sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ke ma kin sha gwadawa da wayarki, abin da kika samu tafin hannu ne da ƙeya.

Akwai wani hoto a falo da ba ki gani ba. Wata takwas da suka wuce, kafin mahaifiyarki ta kwanta ciwo, wata mata mai ɗaukar hoto ta bi layinmu gida gida. Ta ce tana mai da hotunan unguwa kamar zanen fenti, za a baje su a ɗakin karatu. Ta kafa kyamararta a kan ƙarfe mai ƙafa uku. Kowane gida sau uku take ɗauka a jere ba tare da ta taɓa kyamarar ba: ɗaya mai duhu, ɗaya daidai, ɗaya mai haske sosai. Sai ta haɗa su a kwamfuta su zama guda, ta yadda gajimare zai fito, abin da ke cikin inuwa ma ya fito. Ta ce sunan aikin HDR. Daga nan ta bi shi da buroshin kwamfuta, ta ƙara launi, ta tausasa layuka.

An kawo mana namu a firam bayan rasuwar mahaifiyarki. Bangonmu da ya koɗe ya zama kamar zuma. Tsatsar ƙofa ta yi kyau. Ina zaune a kujerata, hannu bisa gwiwa. Tela ya ce an mai da ni shugaban ƙasa, saura a buga ni a tambarin wasiƙa.

Mahaifiyarki ba ta ciki. Hannuna ya gaji, zan ci gaba wani lokaci.

Ki gai da kowa.

Mahaifinki

Asabar, bayan azahar

Auta,

Ina gaishe ki, ina gai da yaran. Ya jikin babban, zazzaɓin ya sake shi? Ni kwana biyu ina kwance, saboda na hau bene, abin da likita ya hana. Zan zo kan wannan.

Ban gaya miki duka ba ran Litinin.

Ranar da aka ɗauki hoton, matar ta ce kada in motsa sai ta gama ukun. Ni da aka koya wa tsayuwar hoto a makaranta da bulala a bayanmu, ko numfashi ban yi ba. Bayan mako biyu ta dawo da kwamfutarta tana nuna wa kowane gida nasa kafin ta buga. Mahaifiyarki ta tafi asibiti ran nan, gwajin farko. Na sa tabarau na duba. Komai tsaf, sai wani tabo shuɗi-shuɗi a gefen ƙofa, daidai kafaɗata, kamar an shafa tawada da gwiwar hannu.

Shekara talatin da huɗu na yi ina zana taswira a ofishin safiyo. A wurinmu tabo ɗaya na nufin ka yage takarda ka sake daga farko. Ba a banza mahaifiyarki take kirana Mai Rula ba. Na ɗora yatsa a kan gilashin na ce wannan dauɗar fa? Ta ce, Baba, wani ne ya gifta tsakanin ɗaukar, duk abin da ya motsa haka yake fitowa, wasu ma suna so a bar musu. Na ce ni ba na so, a goge. A gabana ta goge. Ta ɗebo bango daga gefe ta rufe wurin, ko minti biyu ba ta yi ba. Har na yaba mata tsabtar aiki.

Ban tambayi wanda ya gifta ba.

Ran Talata na nuna wa Tela wasiƙarki. Yana zaune a bakin kekensa, zare a baki, ya ce ai ran hoton nan mahaifiyarki ta fito. Ya ce shi yana kallo daga shago: ta fito da kofi da ƙwayar maganina, sanye da shuɗin mayafinta, ta tsaya a kaina ta ce, Mai Rula, ka sha maganinka ko ka mutu a hoto. Da ta ga kyamara sai ta juya ciki da sauri. Yana faɗa yana dariya, sai ya ga fuskata ya cire zaren daga bakinsa.

Na tuna maganar. Na ji ta a ranar, ban juya ba, don an ce kada in motsa.

Ban ji komai a raina ba da ya faɗa, Auta. Na koma gida na wanke kofi. Har yanzu ina jira in ji wani abu.

Ran Laraba na je wurin aikin matar, a saman kantin magani na bakin titi. Na huta sau uku a matakala. Ɗakin cike da kwalaye an ɗaure su da igiya, bango duk ƙusoshi babu hotuna. Ta samu aiki a wani gari, ran Juma'a mai zuwa za ta tashi. Ta gane ni, ta ce, Baba mai tsabta! Ta share min kwali na zauna. Da na gaya mata abin da ya kawo ni sai ta daina murmushi.

Ta duba kwamfutar, wanda aka gama ne kawai a ciki. Ta ce na asalin guda uku, in ba ta share su ba, suna cikin wani ɗan baƙin akwatin ajiya da ta riga ta kai gidan yayarta da sauran kaya. Ta kuma gaya min abin da ban sani ba. A cikin ukun, mai duhun shi ya fi saurin ɗauka, kamar ƙiftawar ido. Mai motsi yakan fito sarai a cikinsa, duhu ne kawai ke rufe shi, kuma ana iya ƙara masa haske. Ta ce ba ta yi alkawarin fuska ba, wataƙila gefen fuska, wataƙila baya. Na ce ko hannun da ke riƙe da kofin ne, ina so. Na ce kada ta sa masa fenti, kada ta gyara komai.

Ta ce za ta kawo min da kanta ran Alhamis da la'asar. Ta rubuta lambarta a bayan wata takarda. Ita ta riƙe ni har ƙasa.

Kada ki gaya wa yarinyar tukuna.

Mahaifinki

Alhamis, da yamma

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ƙafar ta sake kumbura, takalmi ba ya shiga. Ban da wannan babu wani sabon abu a jikin.

Tun azahar na yi aski, na sa farar rigata. Na fito da kujeru biyu ƙofar gida. Na sauko da hoton daga bango na jingina shi a gefena, don in mai hoton ta zo mu gwada wurin da na asalin.

Tela ya tsallako ya taya ni zama. Ya ce wannan kwalliya haka, ko zance za ni? Na ce zance ne zai zo. Ya ɗauki hoton ya kai shi kusa da hancinsa, don shi ma idon ya tafi. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, Safiyo, kai da ka ce ba ka motsa ba, ina kake kallo a nan?

Na karɓa na sa tabarau, na ɗauko gilashin ƙara girma na ofis. Kaina yana fuskantar kyamara daidai, kamar an auna da rula. Amma idanuna ba can suke ba. Sun karkata sama, hagu, wajen gefen ƙofa. Kuma bakina, ta gefe ɗaya, ya fara abin da yakan yi in ta tsokane ni. Wata biyar hoton nan yana rataye a falo, kullum ina wucewa ta gabansa, ban gani ba. Wani tsoho ne yana kallon bango yana shirin dariya.

Tela ya koma shago, ya ce yana da wando da zai gama. Na san babu wani wando da zai gama.

Na zauna. Motar ruwa ta wuce. Mai kantin kusurwa ya sauke ƙofarsa. Sau biyu wata mace ta shigo layin da jaka a kafaɗa, na gyara zama, ba ita ba ce. Matar Tela ta kira lambar da wayarta sau huɗu, ana cewa a kashe take. Ta ce wataƙila hidimar kaya ce ta riƙe ta, wataƙila ta biyo da safe kafin motarsu ta tashi. Na ce wataƙila.

In babu abin da ya zo, wannan zan naɗe in aiko miki. Ki nuna wa yarinyar wurin da nake kallo, ki ce mata kakarta a nan take tsaye, da kofi a hannu, tana yi min faɗa. Tsawonta ya kai ƙusa ta biyu ta jikin ƙofar. Na auna.

Rana ta faɗi yanzu, rubutun ba ya ganuwa sosai. Na shigar da kujera ɗaya, ɗayar ta fi ƙarfina, na bar ta a waje.

Mai hoton ba ta zo ba.

Mahaifinki