Gem Ɗin Baba Ba Na Jikansa Ba Ne

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyar masu shagunan gem da loda wasanni na Gwarzo da Kabo.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya, kasuwa kuma tana albarka. Ƙorafi na kawo, amma irin na 'ya ga ubanta, domin kai da Babana kun san juna tun kana sayar da kaset a bakin tasha, shi kuma yana jan tirela.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba a gidanmu na Garo. Allah ya tashe shi, sai dai hannun dama bai koma daidai ba. Likita ya ce a sama masa abin da zai riƙa motsa yatsu. Yayana ya aiko masa da na'urar gem ta hannu, mai launi kamar alewa, da wasa ɗaya a ciki na tuƙa babbar mota. Alhaji, da ma ka ga Baba! Mutumin da ya daina kula kowa, sai ga shi yana yi wa mota faɗa, wai wanda ya tsara birkin nan bai taɓa gangara da lodi ba. Ranar Inna har kuka ta yi don murna.

Ƙorafina na farko: kun yanke wa na'urar nan hukunci cewa ta yara ce. A shagunanku kusa da balan-balan da motocin roba take rataye. Baƙar nan da ake jonawa da talabijin ita ce ta manya, ita kuke zuba wa wasanni masu labari da sa tunani. Na zaga Gwarzo ranar kasuwa, na leƙa Kabo, amsar ɗaya ce: ba a ajiye na manya a ƙaramar, don ba mai tambaya. Mu kuwa ka san halin wutarmu, ƙaramar ce kaɗai solarmu ke iya ɗauka.

Na biyu shi ya fi yi mini ciwo. Masu tambaya suna nan, kunya ce ta rufe musu baki. Da Baba ya ƙure duk hanyoyin da ke cikin wasansa, sai ya sa babbar riga ya hau mota zuwa Gwarzo don a loda masa sabo, fitarsa ta farko tun da ya kwanta. Mai shago ya gaishe shi da ladabi, sannan ya tambayi shekarun yaron da za a loda wa. Dattijo da furfurarsa, ga jama'a a tsaye, me zai ce? Ya ce na jikansa ne. Jikan nan kuwa ko yaye shi ba a yi ba. Aka cika masa na'ura da zomo mai tsalle da kyanwa mai tara kifi. Ya yi godiya, ya dawo gida, ya ɗora ta kan durowa. Tun ranar bai sake taɓa ta ba. Yatsun sun fara ƙagewa, ko cokali yanzu da hagu yake ɗauka.

Ba shi kaɗai ba ne. Na san wani tsohon malamin gona a Kara da wata ungozoma a Sabon Birni, dukansu da sunan jika suke kai na'urarsu lodi. Ku kuma in kun shiga Kano sai ku shaida wa dillalai cewa a wajenmu yara ne kawai ke riƙe ta, su ma su hana ku na manya.

Ba batsa nake nema ba, ba kuma zubar da jini ba. Yadda kuke tsare mana yara daga waɗannan, Allah ya saka. Wasannin tuƙi, na noma da kiwo, na tarihi da dabara nake roƙo ku nemo, ku kuma ciro na'urar daga cikin balan-balan.

Ranar kasuwa mai zuwa zan lallaɓo Baba, in Allah ya yarda. Da ƙyar ya amince, kuma na san in ya sake jin kunya ba zai ƙara zuwa ba. Don girman Allah, ka faɗa wa mutanenka kada su tambaye shi shekarun yaro. Su ba shi kujera, su ce, "Direba, wace hanya za a loda maka?"

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya sa ka tsufa da hannuwanka biyu.

Wassalam.

'Yarka,
Hassatu, daga Garo.