Babbar Tukunyar Yaya Ulfa

Daga kan dutse, 3 ga Maris

Yaya Ulfa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Yaya Abdulnasir. Nan waya ba ta kamawa, shi ya sa na ba direban motar kayan lambu wannan takarda.

Yaya, gidan hutun da aka ba Fa'iz gadinsa na katako ne, mu kaɗai a kan dutse. Ina buɗe taga sai tafki, ruwa kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Akwai ɗaki guda babu kowa a ciki. Don Allah ki zo ki yi mana wata biyu. In za ki taho, ki riƙo min gero, kanwa, kayan yaji da babbar tukunyar nan taki.

Taki,
Mu'minat

Unguwar Setapak, 9 ga Maris

Mu'minat,

Wa'alaikis salam. To, Hajiyar tafki, sannu da hutawa! Ni ma ina buɗe tagata sai bangon maƙwabta da wandunan ɗalibai a kan igiya.

Ni na kawo ki wannan ƙasar waje, ni na haɗa aurenki da Fa'iz. Shekara tara ina tuƙa tuwon sayarwa a hawa na sha huɗu, ban taɓa kwana inda babu ƙarar mota ba. Ke shekara ɗaya tak, har kin samu ɗakin da babu kowa! Wallahi da na karanta takardarki, ranar abinci bai shiga cikina ba. Hassada ce, na sani. Ina ta istigfari, amma ta ƙi tafiya.

Tukunya kuwa, da ita nake ciyar da ɗalibai arba'in. In ba ki, su sha tafki? Ba zan hau dutse kallon arzikin wani ba.

Ki gai da mai gadin aljanna.

Ulfa

Daga kan dutse, 16 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki yi haƙuri, ba gori na yi miki ba. Na yabi wurin ne don ki yi sha'awar zuwa. Asibiti tafiyar awa biyu ce daga nan, Fa'iz kuma ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Wata huɗu ban ji Hausa a bakin mace ba, tafkin nan kuwa ba ya amsa sallama. Tsoro nake ji, Yaya.

Akwai maganar da bakina ba zai iya faɗa ba, balle a gabanki. Ki karanta wa maƙwabciyarki Baba Daso kayan da na lissafa.

Taki,
Mu'minat

Setapak, 20 ga Maris

Mu'minat,

Na karanta wa Baba Daso. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ke Ulfa, ina hankalinki? Kunun kanwa da ruwan wanka, ai kayan jego ne! Cikin fari gare ta, kunya ta hana ta faɗa."

Na shige ɗaki na yi kuka mai isata. Shekara tara nake roƙon Allah abin nan, kin sani, shi ya sa kika kasa gaya min. A da tafkin kawai nake yi wa hassada, yanzu ga wanda ya fi shi.

Na sallami ɗalibai, na wanke tukunya. Ranar Asabar ina gaban motar kayan lambu. Hassadar ba ta tafi ba, da ita zan taho, amma babu hannun da zai fara yi wa ɗan nan wanka sai nawa.

Allah ya sauke ki lafiya.

Yayarki,
Ulfa